A bar mai naƙuda ta haihu a kan gwiwarta ko da a asibiti ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida, amma kunya ta hana a tattauna shi a bainar jama'a, wato yadda mace take ajiye jikinta a lokacin naƙuda da lokacin sauka, ko a kwance, ko a durƙushe, ko a tsugune, ko a tsaye. Ni ungozomar asibiti ce, na yi shekara 32 ina karɓar haihuwa kafin in yi ritaya, kuma abin da zan faɗa ya shafe ni kamar yadda ya shafi abokan aikina da na baro a bakin aiki.

Harshenmu kansa ya riga ya ba da shaida a kan wannan magana. Idan mace ta fara naƙuda, Bahaushe cewa yake yi tana kan gwiwa, idan kuma ta ce ga garinku nan a wannan hali sai a ce ta rasu a kan gwiwa, babu wanda ya taɓa cewa tana kan baya. Iyayenmu da kakanninmu durƙusawa suke yi a kan tabarma ko tsumma mai tsabta, su dafa bakin gado ko bango, wata dattijuwa ta riƙe su ta baya idan ƙarfi ya fara ƙarewa. Amma da zarar 'yarsu ko jikarsu ta shiga ɗakin haihuwa na asibiti, abin da take fara ji shi ne ta hau gado ta kwanta rigingine ta buɗe ƙafafu, kuma a haka za ta zauna har Allah ya sauke ta, ko da naƙudar za ta kai awa 10.

Wannan kwanciya ba daga wani binciken lafiya ta samo asali ba. Matan Turai ma a kan wata kujera mai rami a tsakiya suke haihuwa a da, sai a ƙarni na 17, lokacin da likitoci maza suka fara shiga harkar karɓar haihuwa, aka koma kan gado. Wani likitan Faransa mai suna François Mauriceau, wanda ya fitar da littafinsa a kan cututtukan masu ciki a 1668, yana cikin waɗanda suka fifita gado a kan kujerar, sannan yaɗuwar ƙarfen janyo kan jariri ta ƙara tabbatar da al'adar, domin ba a iya aiki da shi sai mace tana kwance. Kwanciyar rigingine tana sauƙaƙa wa mai karɓar haihuwa gani da sa hannu da ɗinki, shi ya sa ta zauna daram, ta biyo asibitocin Turawan mulki ta iso mana, aka koya mana ita a makaranta tamkar babu wata hanya bayan ita.

Ga abin da yake faruwa a jikin mace idan ta kwanta a kan bayanta da tsohon ciki. Mahaifa da jaririn da ruwan da yake ciki suna da nauyi, kuma a bayansu, kusa da ƙashin baya, manyan jijiyoyin jini guda biyu suke wucewa, ɗaya tana kai jini ƙasan jiki, ɗaya tana mayar da shi zuciya. Idan nauyin ya danne mai mayar da jinin, wadda take ta ɓangaren dama, jinin da yake komawa zuciya sai ya ragu, mace ta ji jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi, jinin da yake isa mabiyiya ya ragu, bugun zuciyar jariri ya fara sauka. Kowace ungozoma ta san cewa idan bugun ya sauka, abu na farko da ake yi shi ne a juya uwar ta kwanta a gefen hagu, kuma sau da yawa nan take yake dawowa daidai. To, idan mun san juyawar magani ce, don me muke fara sa ta cikin halin da zai buƙaci maganin? Bayan haka, ƙashin ƙugu ba zobe ba ne na ƙarfe, yana da gaɓoɓi da suke saki a lokacin ciki, kuma ɗan ƙashin da yake can ƙarshen baya yana iya matsawa ya ba kan jariri hanya, amma idan mace ta kwanta a kansa katifa ta tokare shi, babu inda zai matsa. Sannan hanyar fitar jariri lanƙwasasshiya ce, wadda take kwance rigingine tana yunƙurin tura shi ne zuwa sama a ƙarshen tafiyar, alhali wadda take durƙushe nauyinsa da kansa yana taya ta, kansa yana danna bakin mahaifa yana taimaka masa ya buɗe.

Ba hasashen tsofaffi ba ne kawai. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace shi, ta haɗa bincike 25 da ya ƙunshi mata fiye da 5,000, ta gano cewa matan da suke zagayawa ko zama ko durƙuso a zangon farko na naƙuda, kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, naƙudarsu takan gajarta da kimanin awa 1 da minti 22 idan an kwatanta da waɗanda suke kwance, kuma ba a cika kai su tiyata kamar na kwancen ba. A 2017 ta sake duba lokacin yunƙuri a kan mata kimanin 9,000, aka ga raguwar yin ƙari, wato yankan da ake yi wa mace don faɗaɗa hanyar fitar jariri, da raguwar janyo jariri da na'ura ga waɗanda ba su kwanta rigingine ba. A watan Fabrairu na 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 56 a kan kula da mai naƙuda, a cikinsu ta ce a ƙarfafa wa macen da cikinta ba shi da matsala gwiwar motsawa da miƙewa, a bar ta ta zaɓi yadda za ta sauka, a bar ta ta ci ta sha, kuma a bar wanda ta amince da shi ya zauna tare da ita.

Ni ba daga takarda na fara koyon wannan darasi ba. Wani dare da damina, ina da 'yan shekaru kaɗan da fara aiki, aka kawo wata mata daga ƙauye da ciki na bakwai, shida na farko duk a ɗakinta ta haife su. Na sa ta hau gado, na juya in ɗauko safar hannu, kafin in waiwayo ta sauko ta durƙusa ta rungume ƙafar gadon. Na ɗaga mata murya na ce, "Baiwar Allah, ki hau gado, nan ba gida ba ne." Ta ɗago kai ta ce, "Sista, ki yi wa Allah ki bar ni, in na kwanta bayana kamar zai tsinke, kuma ba na jin ƙarfin yunƙuri." Ban saurare ta ba, na kira mai shara muka ɗora ta. Ta yi kusan awa guda tana fama, kan yaron yana leƙowa yana komawa, ina ta ce mata ta ƙara ƙoƙari, har wata babbar ungozoma da ta girme ni a aiki ta shigo, ta dube mu, ta ɗaga kan gadon, ta ce matar ta juyo ta durƙusa a kan katifar ta kama ƙarfen kan gadon. Yunƙuri uku ta yi yaron ya faɗo hannun babbar tamu, babu ƙari, babu ɗinki. Da za a sallame ta washegari ta yi mini godiya kamar yadda aka saba, amma ta gaya wa 'yar rakiyarta, ina ji, cewa ita da haihuwar asibiti sai dai in ciwo ya kawo ta. Wannan magana ta daɗe tana damuna, domin mace mai haihuwa ta bakwai tana cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarin ɓallewar jini, ita ce ta fi buƙatar ta sauka kusa da allura da ledar jini, ni kuma da hannuna na kore ta.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a wancan lokacin kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne, kuma mata 512 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Dalilan zama a gida suna da yawa, akwai rashin kuɗi da nisan hanya da jiran izinin maigida, amma duk wadda ta zauna da mata a layin awo ta ji suna ambaton gadon nan. Macen da aka rene ta a kan ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, ita ce ake buɗewa a gado mai fuskantar ƙofa, ɗalibai suna shiga suna fita. Wadda take durƙushe ko take kwance a gefe kuwa, zaninta yana nan a kan ƙugunta, ungozoma kaɗai take ganin abin da ya kamata ta gani.

Ga 'yan'uwana mata, ba ina cewa durƙuso ya fi kowane yanayi ga kowace mace ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A farkon naƙuda ki zagaya, idan ciwon ya taso ki jingina da bango ko ki rataya hannuwanki a kafaɗar 'yar rakiyarki kina karkaɗa ƙugu a hankali. Idan ciwon a baya ya fi tsanani, wanda yakan faru idan ƙeyar jariri tana kallon bayan uwa, ki durƙusa ki dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai rarrafe, a danna miki ƙasan baya da tafin hannu. Idan kin gaji ki kwanta a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, kuma ana iya haihuwa a haka, wata ta tallafe ƙafar sama, har ma kan jariri ya fi fitowa a hankali. Tsuguno yana buɗe hanya sosai amma yana cinye ƙarfin cinya, saboda haka a ajiye shi sai lokacin yunƙuri, tare da abin kamawa. Nakan tuna wa masu jin tsoro cewa a cikin Suratu Maryam an ba mu labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino, aka ce ta girgiza shi, ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta.

Wajibi ne kuma in faɗi inda maganar take da iyaka. Binciken 2017 ɗin nan ya nuna cewa mai yiwuwa masu sauka a miƙe su fi zubar da jinin da ya wuce rabin lita, kuma tsagewar da ba ta yi zurfi ba tana iya ƙaruwa, shi ya sa nake son a yi durƙuson a gaban ungozoma mai allurar tsayar da jini a hannu, ba a ƙuryar ɗaki ba. Mai hawan jini ko alamun jijjiga, da mai zubar jini kafin haihuwa, da wadda jaririnta ya zo a gicciye ko da ƙafa, da mai tagwaye, dole su bi abin da ma'aikata suka ce. Idan kafaɗar jariri ta maƙale bayan kai ya fito, za a kwantar da uwa a naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji cikin gaggawa, kuma babu lokacin gardama. Haka nan babu wani durƙuso ko tsuguno da zai fitar da jaririn da kansa ya fi ƙugun uwarsa, wannan tiyata yake buƙata, kuma duk wanda ya taɓa zuwa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da doguwar naƙuda take bari a jikin 'yan mata. Idan rana ta fito ta faɗi a kan mace tana kan gwiwa, a ɗauke ta zuwa asibiti, kada a danna mata ciki, kada a yi mata yankan gishiri.

Na san uzurin abokan aikina, domin ni ma na kawo shi. Ungozoma ɗaya takan kwana da masu naƙuda biyar, bayanta yana ciwo, daɓen ɗakin ba kullum yake da tsabta ba, tana tsoron jariri ya suɓuce ya bugu, kuma mafi girma, ba a taɓa koya mata yadda za ta tare kai da kafaɗa ta bayan mace ba, domin komai yana juyewa, abin da ta saba ganinsa a sama ya koma ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin matsalar, kuma Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Najeriya da makarantun ungozoma na jihohinmu ne za su iya gyara ta, ta hanyar sa ɗaliba ta karɓi haihuwa a durƙushe da a gefe, a gaban malamarta, kafin a ba ta takardar shaida. Sauran kuwa ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba: katifa mai rufin leda da za a shimfiɗa a ƙasa a wanke ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da 'yar kujera da ungozoma za ta zauna a kai, da labule tsakanin gado da gado. Inda babu ko katifar, gadon da ake da shi ya isa, a ɗaga kansa mace ta durƙusa a kai kamar yadda babbar tamu ta yi a daren nan. Ina kuma roƙon masu yin jawabi a ranar awo su riƙa tambayar kowace mai ciki yadda ta saba sauka da yadda take so ta sauka, a rubuta amsar a katinta, domin wadda za ta karɓe ta da tsakar dare ta gani tun kafin ta ce mata ta hau gado.

Wassalam.

Taku,
Ungozoma mai ritaya, daga Zariya