Wasiƙa daga Bauchi zuwa ga Aminina

Assalamu alaikum, aminina.

Ya aiki, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan Bauchi hunturu ya kankama, kowa lafiya. Barka da kammala digirin digirgir, Allah ya sa albarka.

Ka nemi shawarata: ka dawo koyarwa, ko ka nemi aikin bincike na shekara biyu a fannin fiziks na matsi mai tsanani. Ni dai ka nema. Amma kada ka tsaya inda lissafin kwamfuta kawai ake yi. Nemi ɗakin binciken da masu lissafi da masu gwaji ke zaune tare.

Duba yadda fannin ya tafi. A 2014 masu lissafi a Jami'ar Jilin ta China suka yi hasashen cewa haɗin haidirojin da salfa, in aka matse shi sosai, zai bar lantarki ya ratsa shi ba turjiya. A 2015 ayarin Mikhail Eremets a Mainz ta Jamus ya gani da ido: a ma'aunin Kelvin 203, wato sanyin digiri 70 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, ƙarƙashin matsin gigafaskal kusan 155, wato kusan ninki miliyan ɗaya da rabi na matsin iskar da muke shaƙa. A 2019 haɗin ƙarfen lantanom da haidirojin ya yi haka a kusan Kelvin 250, sanyin da bai kai na farko ba, shi ma lissafi ne ya riga gwaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da nake maka kwaɗayi shi ne ka riƙe na'urar nan mai matse samfur tsakanin daimon biyu da hannunka. Tana shiga tafin hannu. Bakin kowane daimon, a gwajin matsi mafi tsanani, bai kai kaurin silin gashi ba; tsakaninsu ake huda ƙaramin rami a fallen ƙarfe, a ɗora ƙwayar samfur da bakin allura, mutum na leƙe ta madubin ƙara girma yana riƙe numfashi. Sai a riƙa ɗaure kusoshi a hankali. Da wannan ɗan abu ake kaiwa matsi irin na can tsakiyar duniya, wajen gigafaskal 360. Wanda ya taɓa ganin daimon ya tsage bayan wahalar shiri ba zai ƙara rubuta hasashen da ba mai iya gwadawa ba.

Wuraren ka san su: Bayreuth, Edinburgh, cibiyar binciken matsi ta HPSTAR a China, da manyan na'urorin haske, masu haska samfur da hasken X-ray don ganin tsarinsa, na Grenoble, Hamburg da Argonne. Tallafin bincike na gidauniyar Humboldt ta Jamus yana kaiwa wata 24, amma sai ka fara samun farfesan da zai karɓe ka, kuma cikin shekara huɗu da gama digirin. Na Marie Curie, na Tarayyar Turai, yawanci a Satumba ake rufe nemansa. Rubuta wa farfesan tun yanzu, gajeren saƙo, ka ambaci aikinsa da ka karanta da abin da lissafinka zai ƙara masa. Leƙa ICTP, cibiyar fiziks ta duniya da ke Trieste a Italiya, ma, sun daɗe suna riƙe da 'yan Afirka.

Ina da tawa manufar, ban ɓoye maka ba. Har yau Afirka ba ta da irin waccan na'urar haske, amma manhajar lissafi ta Quantum ESPRESSO kyauta ce. Ɗalibaina suna gudanar da ita a kan laftof, da sola in an ɗauke wuta. Abin da suka rasa shi ne wanda zai haɗa su da masu gwaji. In ka dawo da wannan alaƙar, su yi lissafi a nan, a gwada a can.

Turo mini takardunka in duba kafin ka aika. Jiya na biya ta Wunti na gaida Hajiya, tana cewa ka riƙa kira.

Naka,
Amininka