Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Wes Moore: A Dawo Mana Da Abokan Wasanmu

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mataimakanka a Annapolis. Ni talakanka ne a gundumar Prince George's ta jihar Maryland a Amurka, Bakano da abinci ya kira shi nan tun ƙarshen shekarun 1990. Da Hausa na rubuto, don abin da ke cin raina ba ya fita daidai da wani harshe, kuma na san ba za a rasa tafinta a jihar nan ba.

Kukana a kan ƙwallon kwando ne. Kada ka ce tsohon nan ya rasa abin yi, a bari in kai aya tukuna.

A ƙasarmu akwai wani abu da muke kira wasa, wanda ba na ƙwallo ba. Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne, haka Bafillace da Babarbare. Duk inda suka haɗu, ko a gidan biki ko a zaman makoki, sai ɗaya ya ce wa ɗaya bawansa ne, a yi ta zolaya har a kusa kai ruwa rana, sannan a sa hannu a kwano ɗaya. Gadonsa ake yi. Ba a zuwa kasuwa a saye shi, kuma sarki ba ya naɗa wa mutum abokin wasa. Da na zo ƙasar nan na ɗauka na baro wannan a gida, sai wani maƙwabcina ya ja ni filin ƙwallon kwando na Cole Field House, na ga yadda ɗaliban Jami'ar Maryland ke tarbar 'yan Jami'ar Duke. Na ce a raina, ashe su ma suna da Zazzagawansu.

Ban manta daren 27 ga Janairun 2001 ba. Muna gaba da maki 10, saura daƙiƙa 54 a tashi, wasu har sun fara saɓa rigunan sanyinsu. Kafin ka ce kwabo Jason Williams na Duke ya zazzaga mana maki takwas, aka tafi ƙarin lokaci, Duke ta ci 98 da 96. A ƙarshen Maris na shekarar muka sake gamuwa a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, muka ba su ratar maki 22, suka kamo mu suka wuce. Mako guda ba mai iya yi wa wani magana a layinmu. Saboda wannan baƙin cikin ne kofin 2002 ya yi zaƙi, ranar da Juan Dixon da sauran yaran kocinmu Gary Williams suka doke Indiana 64 da 52. Kuma da 'yan matanmu na koci Brenda Frese suka ɗauko nasu kofin a 2006, wa suka kayar a ƙarin lokaci? Duke. Ina kallo matata, wadda ba ta san dokar wasan ba, ta rangaɗa guɗa a falo.

Sai ranar 19 ga Nuwamban 2012 muka wayi gari da labarin cewa majalisar da ke riƙe da jami'o'in jihar ta amince Maryland ta fice daga ACC, rukunin wasannin jami'o'i da muke ciki tare da Duke, wanda da ita aka kafa shi a 1953, ta koma rukunin Big Ten. A ɗaki aka ƙulle magana, cikin 'yan kwanaki. Mutum ɗaya tak ya ƙi ɗaga hannu, Tom McMillen, wanda ya buga wa jami'ar ƙwallo kafin ya je majalisar tarayya. Daga baya hukumar jiha mai sa ido kan tarukan gwamnati ta ce an saɓa dokar yin taro a bainar jama'a, amma lokacin bakin alƙalami ya bushe. A Fabrairun 2014 muka je gidan Duke, suka ci mu da maki biyu. Shekara fiye da goma ta shige mazan ba su sake haɗuwa ba. Yaron da aka haifa a wannan shekarar, yanzu ya isa jefa ƙwallo a kwando, bai kuwa taɓa ganin abin da ubansa ke ba shi labari ba.

Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya in ce ba dalili. Aljihun sashen wasanni ya huje a lokacin. A cikin 2012 ɗin nan aka soke wasanni bakwai, har da ninkaya ta maza da ta mata, yara suna ji suna gani. Big Ten kuwa tana da tashar talabijin tata, tana kwaɗayin gidajen Washington da Baltimore, kamar yadda ta ɗauki Rutgers washegari don gidajen New York. Kowane gida mai biyan kuɗin kebul riba ne. An biya ACC dala miliyan 31 da 'yan kai kuɗin sallama bayan shari'a, an tafi. A 2022 rukunin ya ƙulla cinikin talabijin na wajen dala biliyan 7 a shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Mai yunwa ba a ba shi labarin zumunci. Wannan na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba, kuma shi ne har yau yake tsaya mini a wuya, shi ne da aka naɗe cinikin da rawanin ilimi. An ce mana ai Big Ten taron manyan jami'o'in bincike ne, 'yan ƙungiyar AAU, suna da haɗin gwiwar ɗakunan karatu da musayar darussa, don haka can ne ajinmu. To, Maryland tana cikin AAU tun 1969, ba Big Ten ta kai ta ba. Su wa muka baro? Duke, da North Carolina, da Virginia, da Georgia Tech, dukansu 'yan AAU. Wane malami ne zai dubi idonka ya ce ya guji Duke da Virginia don neman ilimi? Nebraska fa, an cire ta daga AAU a 2011, watanni kaɗan kafin ta shiga Big Ten, ba wanda ya ce ta dakata a zaure.

Idan akwai mai sauran shakka, 2023 ta warware masa. Rukunin Pac-12 ya watse kamar an jefa dutse cikin kasuwar tsuntsaye. Big Ten ta riga ta ɗauke USC da UCLA, ta ƙara da Oregon da Washington. Stanford da Berkeley, waɗanda ko a ƙauyenmu wanda ya yi boko ya san sunansu, aka bar su tsaye a bakin titi da kayansu. Da ilimi ake aunawa, da su za a fara kira. Ƙarshenta sai ACC ce ta tsince su a kan ragin kaso, jami'o'i biyu da ke shaƙar iskar tekun Pasifik suka zama 'yan rukunin da sunansa ma gaɓar Atlantika. Ma'aunin guda ne, mutum nawa ke kunna talabijin ranar Asabar don kallon ƙwallon nan ta Amurka mai hular kwano. Ƙwallon kwando, da ta raga, da gudu, duk jela ce, inda kai ya juya nan suke bi.

Kuma ɗaliban da aka ce don iliminsu aka yi, su ke biya. Daga College Park, inda jami'armu take, zuwa Los Angeles ya haura kilomita 3,500, da bambancin awa uku a agogo. Yarinya mai buga ƙwallon raga ta sauka daga jirgi da asuba, ƙarfe tara tana da darasin kimiyya. A dā motar safa ce ke kai su Charlottesville, gidan Jami'ar Virginia, su dawo su kwana a gadonsu. Wanda ya tsara wannan ya daina kawo mana zancen karatu, don Allah.

Tsakani da Allah, ba kowane laifi ne na Big Ten ba. Rabuwarmu da Jami'ar Georgetown ta Washington ta girmi komawarmu Big Ten nesa ba kusa ba. Tun zamanin kocinmu Lefty Driesell da kocinsu John Thompson aka ɓata, daga 1980 ba a sake gamuwa ba sai 1993, ranar da sabon yaronmu Joe Smith ya ba su mamaki a Landover. Daga nan kuma aka koma gardamar wa zai je gidan wa. Abin dariya, jirgin ƙasa ɗaya ne, koren layi, ke ɗaukar mutum daga tashar College Park ya sauke shi a Gallery Place, ƙofar filin da Georgetown ke wasa, ko canji babu. Girman kan manya ne kawai ya hana yara abinsu. Na ji daɗi da aka ƙulla yarjejeniyar wasa huɗu daga kakar 2025, amma abin da ya rataya a kan ra'ayin koci biyu, ranar da ɗaya ya tashi da ɓacin rai ko ya sami aiki a wani gari, shi ke nan.

Ga abin da ya kawo ni ƙofarka. Ban ce a fita daga Big Ten ba, wannan aikin gama ya gama. Kai ke naɗa 'yan majalisar jami'o'in nan da amincewar dattawan jiha, don haka in ka yi tari za su ji.

Rukunin Big Ten na cinye wasa 20 a kakar maza, ana barin wajen 11 a hannun jami'a. Yawancinsu ana kiran wata ƙaramar makaranta ce daga nesa, a biya ta, ta zo a lallasa ta a gaban kujeru rabi babu kowa. Ina roƙo a rubuta a ƙa'ida cewa aƙalla uku daga ciki na maƙwabta ne kowace shekara, maza da mata. Ga Towson, ga Morgan State da Coppin State a Baltimore, ga makarantar sojan ruwa a ƙofar ofishinka, ga UMBC da ta kunyata Virginia da maki 20 a 2018 duniya na kallo. Kuma kada kullum su ne masu zuwa. Zumunci a ƙafa yake. Babba ya taka ya je gidan ƙarami ko da sau ɗaya a shekara biyu, kuɗin ƙofa ya zauna a jihar. Na san abin da kociyoyi ke tsoro, in ka ci ba yabo, in aka ci ka abin gori har jikoki. Ai gorin shi ne abin da muke nema. Mutanen Philadelphia suna yin irin wannan tun 1955, da Villanova da Temple da Penn da La Salle da Saint Joseph's, rukunansu daban-daban, bai hana su ba.

Kada a ce maka gwamna ba ya sa baki a wasa. A 2003 Mark Warner, yana gwamnan Virginia, ya matsa wa Jami'ar Virginia lamba har sai da aka shigar da Virginia Tech cikin ACC. A Kalifoniya majalisar jami'o'insu ba ta saki UCLA haka nan ba, sai da ta ɗora mata biyan 'yar'uwarta Berkeley kuɗi duk shekara, wanda aka tsayar a dala miliyan 10. Mu a 2012 ko tambayarmu ba a yi ba. Guguwar nan kuwa ba ta lafa ba, yanzu da jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye, yunwar kuɗin sai abin da ya ƙaru. Shi ya sa roƙona na biyu shi ne doka: duk jami'ar gwamnati da za ta sauya rukuni, a yi zaman a fili, a baje lissafin kuɗin da na awannin da ɗalibai za su kashe a sama, a ba jama'a wata guda su tofa albarkacin bakinsu.

Kai ma ka san daɗin abin. A Johns Hopkins ka yi karatu, ka sa rigarsu ka buga musu ƙwallo. Wasan lakuros, na ƙwallo da sanda mai raga, tsakanin Hopkins da Maryland ya faro tun kafin 1900, kuma da Maryland ta koma Big Ten sai ga Hopkins ta shigo rukunin a wannan wasa kaɗai, ana ta gwabzawa har gobe. Ashe in manya na so, hanya ba ta ɓata. Gundumarmu da ta haifi Len Bias ta kuma raini Kevin Durant, taurarin ƙwallon kwando, inda makarantar sakandaren DeMatha da ta yi suna a wasan take, ba ta cancanci ƙasa da haka ba.

Jikana shekararsa tara. Rannan na tambaye shi wace ƙungiya ya fi ƙi a duniya, ya yi shiru yana tunani, can ya ce wai ko Purdue, wata 'yar Big Ten. Na ce ina Purdue take? Ya ce bai sani ba.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani Bakano mazaunin Hyattsville