Godiya ga ofishin FESPACO daga wani mai shagon fina-finai a Njamena

Zuwa ga shugaban ofishin bikin fina-finan Afirka na FESPACO, Malam Alex Moussa Sawadogo, da dukkan ma'aikatansa a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan karramawar da kuka yi wa Chadi, da kuka ɗauke ta babbar baƙuwa a bikinku karo na 29, daga 22 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris 2025. Biki ne da ya faro tun 1969, kuma duk mai harkar fim a Afirka ya san nauyinsa.

Sana'ata tura wa mutane fina-finai a waya, a wani ɗan shago a nan Njamena. Abin da ake nema kullum fim ɗin Kano ne, sai na Indiya mai fassarar Hausa. Ba na raina su, da su muke cin abinci. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: in ka ce wa saurayi Chadi na da gwanayen shirya fim, sai ya ɗauka zolaya kake. Alhali Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeche, ya karɓi kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2010, kafin nan ma an karrama shi a Venis a 2006. Bayan wannan nasara ce aka gyara silimar Normandie da ke nan Njamena, aka sake buɗe ta a 2011 bayan ta daɗe a kulle. Duniya ta san aikinsa, yaran unguwarmu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

A makon bikinku na ga sauyi da idona. Wani ɗan maƙwabcina, wanda ba ya neman komai sai fim ɗin faɗa, ya shigo ya ajiye memori a kan teburi ya ce, "Baba, akwai na Chadi? Wanda ake Larabcinmu a ciki nake so." A Facebook ya ga tutarmu a wajen buɗe taron. Da dare kuwa, a teburin mai shayi, muhawarar ƙwallo ta koma ta fim. Ku kuka jawo wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ina yi muku ta'aziyyar Souleymane Cissé, mai shirya fim na Mali, wanda ya rasu kwana uku kafin buɗe bikin, alhali shi aka sa ya shugabanci alƙalan manyan fina-finai. Sau biyu ya ci kyautar Ingarman Yennenga, babbar kyautar bikinku. Allah ya jiƙansa. Ina kuma taya Dani Kouyaté murnar ɗaukar kyautar a wannan karo.

Roƙona ɗaya ne. Yaron nan ya fita hannu rabbana, domin babu inda ɗan kasuwa irina zai sayi waɗannan fina-finai ta hanyar da mai su zai ci guminsa. Ku duba mana yadda za su riƙa isowa Njamena da Abeche da Mundu, har su ƙetare gada zuwa Kuseri da Marwa, da fassarar Hausa ko Larabcin Chadi. Masu kallo suna nan, kuma mu masu shaguna a shirye muke mu biya.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani mai shagon fina-finai, Njamena