Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar lekter ɗin sede da sunka dawo, da abin da munka yanke

Assalamu alaikum. Alhazai da hajiyoyi manyanmu, da ƙannenmu matasa da sunka fara leƙo shagon kwanan nan, muna gaida kowa, ya zafi, ya haƙuri da ɗaukewar wuta.

Wasiƙar ga za ta ɗan yi tsawo ku yi haƙuri, don maganar ba ta ƙarewa a tsaye bakin kanta ana ciniki. Cikin watannin zafin nan lekter 4, wato mashinan kunna faifan CD, daga cikin waɗanda munka saida sun dawo muna. Biyu suna tsallake waƙa, guda tirwar da ake aza faifai ta ƙi buɗewa, guda kuma ya ƙone ƙurmus. Wanda ya ƙone ɗin laifinmu ne, ba mu ɓoyewa. Mashin ne da anka ƙera don kasuwar Japan, can wutarsu 100 wolt ce mu kuwa nan 220, mun haɗa ma Alhajin da ya saye da ƙaramin transfo mai rage wuta, mun yi bayani da baki amma ba mu liƙa takarda jikin mashin ɗin ba, ranar da anka gyara falo yaron gida ya jona shi kai tsaye a bango. Yaro bai da laifi. Mun ɗauki asarar, kuma wallahi abin ya tsaya muna a rai don irin mashin ɗin nan ba a ƙera shi yanzu.

Shi ya sa munka ce bari mu zauna mu faɗi abin da munka sani game da kayan nan gaba ɗaya, har wanda ba zai taimaki cinikinmu ba.

Tambayar da anka fi yi muna ita ce, malam ai faifai guda ne, mi ya sa wanga lekter kuɗinshi ya ninka na DVD ɗin da ake saidawa kasuwa sau ashirin? Tambaya ce mai kyau. Abin da ke cikin faifan lamba ce zalla, tun 1982 da Sony da Philips sunka fito da CD tsarin bai sake ba: ana auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, kowane awo bit 16 (bit shi ne sifili ko ɗaya), hagu da dama. Lambobin suna jere kan layi guda da ya naɗe kamar tabarmar kaba tun daga tsakiya zuwa baki, tsawonshi ya wuce kilomita 5 a faifai mai faɗin santimita 12 kacal, kuma layukan sun matsu har gashin kai guda shina rufe 30 ko fi. Idon leza shi ke bin layin nan faifai na juyawa, wajen sau 500 a minti in shina karanta tsakiya, ya sauko wajen 200 in ya kai baki. To gaskiyar da masu talla ba su so a faɗi ita ce, in faifai lafiya lau ne kuma ido lafiya lau ne, mai araha da mai tsada lamba guda suke karantowa. Har ƙarzuwa ƙarama akwai lissafin da anka gina cikin tsarin da ke cike gurbin ba tare da kunne ya ji komi ba.

Bambancin daga baya yake farawa, wurin maida lamba ta koma sauti. Akwai ɗan guntun da ake ce ma DAC, shi ne tafinta, sai agogon da ke ba shi lokaci, sai wutar da ke ciyar da shi, sai ƴan kayan da ke ƙarshe kafin sauti ya fita zuwa ampili, mashin mai ƙara ma sauti ƙarfi. A DVD mai araha duka waɗannan wuta guda suke sha da moto da allon lambobi da ɓangaren hoto, kamar gidan haya mai famfo ɗaya, wani ya buɗe na wani ya rage. A lekter na kirki an raba, wani lokaci ma transfo biyu ne a ciki, na moto daban na sauti daban. Shi ne in kun ɗaga kuka ji nauyi.

Kuma ana ji a kunne, ba tatsuniya ba ce. Mu nan ba mu gwada mashin da kiɗa mai bugun ƙirji, wannan kowane bafil, wato lasifika, ya iya shi. Da kayan gida muke gwadawa. Sa faifan da anka ɗauka da kyau mai kalangu a ciki, ka saurari lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, muryar gangar tana lanƙwasa tana hawa, a mashin mai kyau za ka bi ta har ta sauka, a maras kyau sai ka ji ƙwal ƙwal kawai. Goge shi ne babban alƙali, in mashin bai da kyau goge na zama kamar ana jan ƙarfe kan tol, minti goma ka gaji ka rage murya. Ƙwarya kuma ka ji ko zoben hannu ne ya taɓa ta ko tafi. Akwai dattijon da ke zuwa da faifan karatun Alƙur'ani kawai, ba ya jin kiɗa, ya ce shi numfashin mai karatu yake nema tsakanin aya da aya da amon ɗakin da anka yi ɗaukar, in ya ji su to mashin ya yi. Mun koyi abu wurinshi sosai.

Amma ga inda za mu faɗi abin da wasu ba za su ji daɗi ba. Daga DVD na kasuwa zuwa lekter na kirki tazara ce babba, kowa zai ji. Daga lekter na kirki zuwa wanda ya ninka shi kuɗi sau uku ko biyar, tazarar ƙarama ce ƙwarai, mu kanmu da ke cikin aikin kullum in anka daidaita ƙarfin murya anka rufe muna suna ba kullum muke rarrabewa ba. Kuma ku kula da wannan daidaita murya ɗin, don in mashin guda ya ɗara ɗan'uwanshi ƙara ko kaɗan kunne zai ce ya fi daɗi, dabara ce tsohuwa ta masu saida kaya. In kuɗinka iyakantacce ne sa mafi yawa a bafil, shi ne ya fi canza sauti, sai ɗakin kanshi. Falo mai karo ƙasa da bango tsirara da gilashi ko wane mashin ka kawo sauti zai riƙa dukan bango shina dawowa. Shimfiɗa kafet, rataya labule mai kauri, ja bafil daga kusurwa, za ka ji canjin da jikka ɗari biyu ba su saya maka ba. Wayoyin haɗi masu tsadar gaske kuwa mun daina kawo su. Mai kauri daidai mai baki mai riƙewa ya isa.

To in haka ne mi mutum ke saye in ya sayi mai tsada? Ƙira yake saye, da shekaru. Nan ne ma maganar ta fi shafarmu mu mutanen Yamai, don waɗanda sunka ƙera kayan nan a Japan da Holan da Ingila ba su ƙera su da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu a rai ba.

Zuciyar mashin ita ce mekanik ɗin da ke juya faifai da ɗaukar ido. Tsoffin Philips da Marantz na shekarun 1980 suna da irin wanda ake ce ma CDM, idon shina kan hannu mai lilo kamar allurar awo, ba haƙoran roba da za su cinye, na farkonsu ma gindin ƙarfe ne zubi. Mun ga waɗanda sunka haura shekara 30 suna karatu ba gargada, kuma da yawansu suna ɗauke da DAC ɗin nan TDA1541 da masoya ke nema har yau don taushin muryarshi. Sai na TEAC da Esoteric mai suna VRDS wanda ke danne faifai gaba ɗaya da faranti daga sama don kar ya yi rawa, aiki ne mai ban sha'awa in ka buɗe ka gani, amma ranar da idonshi ya mutu samun wani sai an sha wuya, wani sa'in mashin mai kilo 15 sai ya zama kayan ado. A ɗaya gefen kuma akwai ido irin Sony KSS-213 da ke cikin mashina barkatai, ba shi da wani kwarjini amma ana samun shi kuma da sauƙin kuɗi. Marantz CD-63 ma, wanda marigayi Ken Ishiwata, gwanin sauti na kamfanin Marantz, ya gyara wani samfurinshi har ya yi suna, mekanik ɗinshi ba mai tsada ba ne kuma ana canza shi cikin awa guda. Mu a ganinmu, ga mai zama Yamai ko Tawa ko Maraɗi, mashin da ake samun idonshi ya fi mashin da ya fi kowa nauyi. Kuma kar fuskar alminiyom mai kauri ta ruɗe ku, mun sha buɗe mai tsada mu tarar da mekanik ɗin roba iri ɗaya da na mai araha a ciki.

Biyun da sunka dawo suna tsallake, ƙura ce. Ta kwanta kan ido, ta kuma haɗu da man da ke kan sandar da idon ke zamewa ta zama kamar kunu ya bushe. Mun wanke mun sa sabon mai sun tashi. Na tirwar kuwa igiyar roba ce zafi ya saki, abin jikka guda. Amma don Allah, don Allah, in mashin ya fara tsallake kar a kai shi inda za a murɗa ɗan maɓallin ƙarfin leza. Wasu masu gyara na yin haka, mashin ya karanta nan take mai shi ya yi murna ya biya, bayan wata biyu ido ya mutu gaba ɗaya don an tilasta mishi. Faifan wanki mai ɗan burushi shi ma ba mu son shi, ba ya kai wa inda ƙurar take.

Zafi kuma shina cin kondansater, ɗan kayan da ke tara wuta cikin mashin, a hankali, ƙa'idar da masu aikin lantarki sunka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 shina rage rayuwarshi da kusan rabi, ku lissafa da ɗakin da ke wuce digiri 40 da rana. Saboda haka kar a ɗora lekter bisa ampili, ampili murhu ne, a ba kowa wurinshi iska na ratsawa. A rufe da ƙyalle in ba a aiki, amma sai ya huce. Wuta kuwa, ba ɗaukewarta ke kashe kaya ba, dawowarta ce. In anka ɗauke ku cire daga bango, in ta dawo a ba ta minti kaɗan ta zauna. Mai gurup, wato injin ba da wuta, shi ma kar ya jona sai da regilater mai daidaita ƙarfin wuta a tsakani.

Faifan kanshi, a goge daga tsakiya zuwa baki miƙe, ba zagaye ba, don ƙarzuwar da ta bi layi ita ce lissafin ke kasa cikewa. Kuma mutane na tattalin gefen mai ƙyalli su bar gefen rubutu alhali can ne bayanan sunka fi kusa da waje, fenti ne siriri kawai ya rufe su, in ya kwarzane ta nan an gama. Kar a bar faifai cikin mota a rana. Sai maganar faifan da ake kwafa a kasuwa, yawancinsu daga MP3 anka zuba su, wanda sau da yawa kilobit 128 na bayani ne a daƙiƙa inda CD na asali ke ba da 1,411, abin da anka zubar ba mashin da zai maido shi, hasali ma mai kyau shi zai fi tona asirin faifan. Wasu tsoffin lekter ma ba su son faifan kwafi sam.

Ga abin da munka yanke daga yanzu. Ba za mu ƙara saida mashin mai 100 ko 120 wolt ba sai mun maida shi 220 a ciki, in ba ya maiduwa ba mu kawo shi. Duk wanda zai saye sai ya zauna ya saurara da faifanshi na gida wanda kunnenshi ya sani, mu jera mishi biyu ko uku mu daidaita murya, in mai araha ya fi mishi daɗi shi za mu ba shi. Za mu buɗe murfi gabanka ka ga cikin da idonka, kuma mu rubuta lambar mekanik da ta ido kan faktir don ko ba mu nan wani mai gyara ya san abin da zai nema. Garanti wata 6 ne, amma sai in akwai regilater a gidan, wannan ba mu sassautawa ko ga wa. Wankin ido da sa mai sau guda bayan hunturu kyauta ne ga duk wanda ya saya wurinmu, ko tun shekarun baya ne, ku kawo muna kawai.

Masu jiran kayan gyara kuma muna roƙon afuwa, tun da anka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya sunka koma biyowa ta Lome lokaci ya ƙaru kuɗin ɗauko ma ya ƙaru, shi ya sa yanzu muke sayen ido da igiyoyin roba da yawa mu aje tun kafin a nema.

Ranar Asabar bayan la'asar ƙofa a buɗe take ga mai son saurare ko bai da niyyar sayen komi, a zo da faifai, akwai shayi. Alhaji mai mashin ɗin da ya ƙone, mun samu wani na 220 mai irin muryar da kake so, mun aje ba mu nuna ma kowa ba sai ka zo ka ji da kanka.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Naku, duka mutanen shago