Annabi Yusha'u da sarakunan da suka sayi kariya da dukiyar jama'arsu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaishe ka da fatan alheri, tare da godiya kan rubutun da kuka buga a shafinku na addini game da Annabi Yusha'u ɗan Beyeri, na farko a jerin ƙananan annabawa 12 na Littafi Mai Tsarki, waɗanda ake kiransu ƙanana saboda gajartar littattafansu kawai. (Kada masu karatu su rikita shi da Yusha'u ɗan Nun, magajin Annabi Musa, wanda ya riga shi da ɗaruruwan shekaru.) Marubucinku ya yi bayani mai gamsarwa kan auren annabin da Gomer da kuma sunayen 'ya'yansu uku, sai dai ya tsaya a sura ta 3, alhali littafin yana da surori 14, kuma babban ɓangare na sauran yana magana ne kan sarakuna da fadawa da irin ƙawancen da suka ƙulla da ƙasashen waje har ƙasarsu ta rushe.

Yusha'u ya fara annabci a masarautar Isra'ila ta arewa, wadda yake yawan kira Ifraimu, a ƙarshen zamanin Yerobowam na biyu, sarkin da ya yi shekara 41 a kan gadon sarauta cikin wadata. Bayan rasuwarsa, cikin shekaru 25 zuwa 30, sarakuna shida suka hau kujerar Samariya, babban birnin masarautar, kuma huɗu daga cikinsu kisan gilla aka yi musu. Zakariya ya yi wata shida Shallum ya kashe shi, Shallum ya yi wata ɗaya Menahem ya kashe shi, ɗan Menahem wato Fekahiya ya yi shekara biyu hafsansa Feka ya kashe shi, shi ma Feka sai Hosheya ya gama da shi. Ana cikin wannan hali Tiglat-filesar na uku ya karɓi mulkin Assuriya a shekara ta 745 kafin haihuwar Almasihu, ya fara tura rundunarsa yamma.

Labarin Menahem, wanda ke cikin littafin Sarakuna na biyu sura ta 15, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutum ne da ya hau mulki ta hanyar zubar da jini, har aka rubuta cewa ya tsaga cikin mata masu juna biyu a garin da ya ƙi buɗe masa ƙofa. Da sarkin Assuriya ya tunkaro ƙasar, sai ya ba shi talanti 1,000 na azurfa, wato fiye da tan 30, kuma nassin bai ɓoye dalilin ba: domin Assuriya ta taimake shi ya riƙe sarautar da ƙarfi a hannunsa. Kuɗin kuwa ba daga taskarsa suka fito ba, domin ya ɗora wa kowane mai hali shekel 50, kuma tunda talanti ɗaya shekel 3,000 ne, lissafin ya kama mutum 60,000. Duk wanda ya san yadda haraji ke gangarowa ya san attajirin da aka tatsa ba zai haɗiye asarar ba, zai fanshe ta ne a kan manomi da mai awo a kasuwa, kuma shi Yusha'u ya ambaci 'yan kasuwa masu ma'aunin zamba a hannunsu.

Ga wannan al'umma annabin ya yi misalin da ban taɓa mantawa da shi ba. A sura ta 7 ya ce Ifraimu ya cuɗanya da al'ummai, ya zama kamar gurasar da ba a juya ba, wanda a wurinmu waina ce ta fi kusa da ita. Mahaifiyata ta yi sana'ar waina shekaru da yawa, kuma ina yaro nakan zauna kusa da tanda da asuba ina kallon yadda take zuba ƙullu tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Idan wani abu ya ɗauke mata hankali ta manta da guda, sai ka ga samanta fari fat kamar lafiya lau, amma da ta ɗago ta ƙasan ya ƙone ƙurmus, cikin kuma ɗanyen ƙullu ne, ba ta ciyuwa kuma ba ta sayuwa. Haka Samariya ta kasance, ana biki a fada hakimai suna shan ruwan inabi har su yi ciwo, baƙi kuwa suna cinye ƙarfin ƙasar, furfura ta fito mata ba ta ma sani ba. Ya ƙara da cewa Ifraimu kurciya ce marar wayo, tana kiran Masar tana kuma tafiya Assuriya, a wani wurin kuma ya ce suna ƙulla alkawari da Assuriya a daidai lokacin da ake kai man zaitun Masar.

Na san mai karatu zai iya cewa ƙaramar ƙasar da ke tsakanin manyan dauloli biyu ba ta da zaɓi, kuma wannan magana tana da nauyi. Amma idan aka karanta sura ta 5 da natsuwa, za a ga inda ƙorafin annabin yake. Ya ce da Ifraimu ya ga ciwonsa, Yahuza, wato masarautar kudu, kuma ya ga mikinsa, sai aka aika wurin babban sarkin Assuriya, wanda ba zai iya warkar da su ba. Ciwon kuwa ya riga ya bayyana shi a sura ta 4: babu gaskiya, babu jinƙai, babu sanin Allah a ƙasar, sai ƙarya da kisa da sata, jini a kan jini. Sarkin da ya yi adalci jama'arsa ce garkuwarsa, amma wanda ya hau da wuƙa dole ya nemi baƙon da zai tsare shi daga mutanensa, kuma kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski.

Askin bai daɗe ba ya zo. Feka ya haɗa kai da Rezin na Dimashƙu suka auka wa Ahaz sarkin Yahuza, shi kuma Ahaz, duk da gargaɗin Annabi Ishaya, ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesar yana kiran kansa bawansa kuma ɗansa. Dimashƙu ta faɗi a 732, an kwashi mutanen Galili da Gileyad, yankunan masarautar arewa. Da Ahaz ya je Dimashƙu gaishe da ubangidansa ya ga wani bagade ya burge shi, sai ya aika wa Uriya firist da fasalinsa, kafin ya dawo an gina shi, aka kuma kawar da bagaden tagulla gefe. Babu inda aka rubuta cewa firist ɗin ya ce uffan. A arewa kuma Hosheya ya daina biyan Assuriya gandu ya aika manzanni Masar, sai Shalmanesar na biyar, sarkin Assuriya, ya kewaye Samariya shekara uku, Masar ba ta cece ta ba, birnin ya faɗi a 722. Sargon na biyu, wanda ya gaji Shalmanesar, ya yi alfahari a rubuce-rubucensa cewa ya kwashe mutum 27,290.

Shirun Uriya ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na taɓa ganin irinsa da idona. A wata kakar zaɓe ina zaune a majami'a aka katse sujada aka miƙa wa wani ɗan takara makirufo, bayan an sauke buhunan siminti a harabar ginin da muke ta fama da shi. Daga wannan ranar wa'azi kan cin hanci da danne haƙƙin ma'aikata ya ɓace daga bakin masu wa'azinmu, kuma wata gwauruwa da ke zama kusa da ni, wadda ta yi watanni tana bin haƙƙin mijinta, ta daina zuwa. Ina kuma so in ja hankalin masu amfani da waɗannan ayoyi don hana mu'amala da maƙwabta masu wani addini, cewa ba wannan annabin yake nufi ba, tunda waɗanda suka kashe sarakunan Samariya huɗu 'yan gida ne, kuma zarginsa a sura ta 8 shi ne sun naɗa sarakuna ba da yardar Allah ba.

Saboda haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka ba marubucinku fili ya ci gaba daga sura ta 4 har zuwa ta 14, inda annabin ya koya wa jama'a addu'ar tuba da ke cewa Assuriya ba za ta cece su ba, ba za su ƙara dogara ga dawakan yaƙi ba, domin a wurin Allah ne maraya yake samun jinƙai. Zan so kuma ya haɗa da surori 15 zuwa 17 na littafin Sarakuna na biyu, yadda mai karatu zai ga sunan kowane sarki da abin da ya biya.

Naka da girmamawa,
Wani mai karatu daga Jos