Zuwa ga abokan cinikinmu: mun sauya lissafin gwajin fanel

Assalamu alaikum.

Daga wannan watan, lambobin da muke rubuta muku a takardar gwaji ba za su yi daidai da na tsofaffin takardunku ba. Fanel ɗinku lafiya lau yake, mu ne muka sauya folinomiyal ɗin na'urar gwajinmu, wato tsarin lissafin da take fitar da lambobin da shi.

Ga masu son sanin yadda abin yake: muna ɗora tsinken gwaji a ƙafar IC (ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da ke kan fanel), dubban bit (0 ko 1) su kwarara cikin rijista, wato ma'ajiyar bit, mai gusa su ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da wasu baya ta XOR (haɗin bit biyu da ke ba da 1 in sun bambanta, 0 in sun yi daidai). Abin da ya rage a ciki bayan an tsaya shi ne sa-hannun wannan ƙafar, wato lambar da muke rubuta muku. Wuraren da ake ɗebo abin mayarwar kuwa folinomiyal ne ke tsara su.

Laifin namu ne. Tun farko mun ɗauki mai sauƙi, x^8 + 1, wanda zagayensa bit 8 ne kacal, wato bayan bit 8 yake maimaita kansa. Kuskure biyu da ke da tazarar bit 8 sai su cinye juna. Ga shi bayanan kwamfuta da takwas-takwas suke tafiya! Haka wani fanel ya ci gwajinmu, mai shi ya dawo da shi washegari a cikin leda, ransa a ɓace. Sai da muka bi layin da hannu muka gano kuskuren.

Yanzu mun koma rijista mai bit 16, muna ɗebowa daga mataki na 7, 9, 12 da 16, irin tsarin da Hewlett-Packard (HP) ta sa a na'urarta 5004A a 1977. Tana ratsa yanayi 65,535 kafin ta maimaita kanta, don haka kuskure biyu ba sa ɓoye juna sai tazararsu ta kai haka. Kuskuren bit ɗaya ba ya tsira ko kaɗan. Sauran kuwa, kusan ɗaya cikin 65,536 ne ke iya sulalewa.

Wani a shagon ya so mu ɗauki CRC-16, wani folinomiyal na gano kuskure, tunda kowa ya san shi. Ba laifi, amma zagayensa 32,767 ne, kuma masu littattafan gyara na HP ba za su iya kwatanta lambobinsu da namu ba. Tsarin rubutun HP ɗin muka bi, shi ya sa ma za ku ga haruffan A, C, F, H, P da U a cikin lambobin.

Duk wanda muka gwada wa fanel da tsohon tsarin ya kawo, mu sake gwadawa kyauta.

Mun gode da haƙurinku.

Sashen gwaji