A Ciyar da Mace Tun Kafin Ta Ɗauki Ciki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana kan abin da ake cewa a ƙauyukanmu idan yaro ya tsumbure: "gado ne, haka danginsu suke." Gado gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ke aiki ba. Mutum na da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma iri ɗaya ne a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe. Jiki kan liƙa wa ƙwayar gado wata 'yar alama ta sinadari ya rage mata aiki, kuma kayan haɗa alamar daga abinci suke zuwa: folik asid (wani nau'in bitamin B), bitamin B12 da B2, da sinadarin kolin da ke cikin ƙwai. Manomi ya san wannan: irin gero ɗaya, wanda ya samu taki da wanda bai samu ba, zangarniyarsu ba ɗaya ba ce.

An gani a ƙasar Holan da ke Turai. A yunwar 1944 zuwa 1945, waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, bayan shekara sittin an tarar alamar da ke kan ƙwayar gado mai kula da girma da ake kira IGF2 ta gaza ta 'yan uwansu da suke ciki ɗaya. A ƙauyukan Gambiya kuwa, inda damina ke zuwa da ƙarewar rumbu kamar a Gumel ko Ringim, alamomin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina sun sha bamban da na 'yan rani.

Abin da ya fi damun mu shi ne lokaci. Yawancin alamomin nan ana sake shimfiɗa su ne a makonnin farko, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuma yana rufewa cikin kwana 28. Matanmu kuwa sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, suke zuwa awo. Don haka amarya da duk mai shirin haihuwa ta fara shan folik asid mikrogiram 400 kullum tun kafin ciki. Idan cikin ya shiga, a haɗa da ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, miligiram 30 zuwa 60. Kada ta kora ƙwayar ayon da shayi, yana hana jiki tsotse ta. Idan ayon ya sa bayan gida ya yi baƙi ba ciwo ba ne, kada ta daina.

A kicin ma ana asara. Zogale da alayyahu idan aka daɗe ana tafasa su aka zubar da ruwan, folik ɗin ya tafi. Gyaɗa da masara da aka zuba a buhu ba su bushe ba kan yi funfuna, gubar da ke ciki na ratsa mahaifa, kuma an danganta ta da tsumburewa. A shanya su sosai, ba a kan ƙasa ba, a tsince masu baƙi da ɗaci a zubar.

Kada kowa ya ɗora wa uwa laifi. Cefane na hannun maigida, shi zai sayo wake, kifi, ƙwai da gishiri mai aidin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Muna roƙon hukumomin lafiya su riƙa ba da folik asid tun a wajen gwajin aure, limamai kuma su tunatar da anguna ranar ɗaurin aure.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan lafiya a matakin farko, Jihar Jigawa.